Amsoshin Tambayoyinku: Mu Fara Gina Masauki Ko Mu Fara Bin Sawun Baƙi?

TAMBAYA: A bayan garinmu akwai dutse mai kogo, da ƙorama da ke gangarowa daga kansa. Duk Sallah matasa daga birni kan cika wurin, amma ba abin da gari ke samu sai shara. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta tara kuɗi za ta gina masaukin baƙi a gindin dutsen, sai wani ɗanmu da ya yi karatu ya ce mu dakata mu fara nazarin kai-komon baƙin. Mene ne haɗin zirga-zirgar baƙo da tsara wurin yawon buɗe ido? Daga wani mai karatu a Jihar Bauchi.

AMSA: Allah ya saka wa ƙungiyarku da alheri, ya yi wa ɗan nan naku albarka, domin shawararsa tana kan hanya. Masu tsara irin waɗannan wurare ba sa kafa tubali sai sun san abu huɗu: ta ina baƙo ke shigowa, yaushe yake zuwa, a ina yake tsayawa, kuma kwana yake yi ko wuni. Amsoshin nan su ke nuna inda za a fitar da hanya, inda za a kafa rumfa, da inda ba za a taɓa ba sam.

Mu fara da na gida. An buɗe gandun dajin Yankari ga jama'a a 1962, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Duk da wannan girma, ɗakunan kwana da wurin cin abinci suna waje ɗaya ne, a sansanin Wikki, kimanin kilomita 40 daga ƙofar shiga ta Mainamaji. Dalili shi ne abu biyu ke jan mutane. Na farko ruwan ɗumi na Wikki, wanda ɗuminsa ke tsayawa a wajen digiri 31 dare da rana. Na biyu kogin Gaji, inda namun daji ke taruwa shan ruwa idan rani ya tsananta. Shi ya sa hanyoyin kallon dabbobi suka bi ta wajen kogin, ake kuma fita da safe da yamma tare da jagora, tunda da tsakar rana dabbobi na laɓewa a inuwa. Da aka tattara baƙi a ɗan yanki, sai sauran dajin ya huta, giwaye suka samu sarari.

Sai dai wannan tsari yana da nasa darasin ga gari irin naku. Baƙon da ya ratsa ƙauye a guje cikin mota, ya ci, ya sha, ya kwana can cikin daji, bai bar wa ƙauyen komai ba, alhali manoman kewaye su ne giwaye ke yi wa ɓarna a gona. Kuɗin baƙo na faɗuwa ne a inda ƙafarsa ta tsaya. Idan kuka gina masauki da wurin ajiye motoci a gindin dutse, kun koya wa baƙo ya zagaye garinku ke nan.

Sai batun lokaci, kuma Argungu ce ta fi bayyana shi. Bikin kamun kifi da ake ƙirga farkonsa daga 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, 'yan kwanaki ne kawai a shekara. Jama'a su yi dafifi a bakin Matan Fada, a kama kifi, a watse. An ma yi wajen shekara goma ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a 2020. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wanda ya gina ɗaki ɗari don taron kwana huɗu, sauran shekara gyaran rufi da biyan mai gadi za su cinye shi. Taro irin wannan fili yake so, da rumfunan da ake kafawa a kwashe, da ruwan sha, da bayan gida, da hanyar shiga daban ta fita daban. Taronku na Sallah ɗan'uwan wannan ne.

Nisan wuri da birni ma yana yanke hukunci. Kure, a Jamhuriyar Nijar, tana kimanin kilomita 60 daga Yamai, kuma a nan raƙuman dawa ke yawo cikin gonaki ba shinge. Tunda baƙo na iya fitowa da safe ya koma kafin magariba, abin da ya yi amfani shi ne 'yan jagora na yankin da suka riƙa jira a bakin titi, su shiga motar baƙo su kai shi inda dabbobin suke a ranar. Raƙuman da suka rage 49 a 1996 sun haura 600 bayan kimanin shekara 20. Amma harin da aka kai wurin a watan Agustan 2020, wanda ya hallaka mutum takwas, ya tsayar da ƙafar baƙi. Saboda haka tsaron hanya yana cikin tsari tun daga farko.

To, me za ku yi? Ku sayi littafi, ku ɗora matasa biyu masu natsuwa a kansa, su bi wurin shekara guda: Sallah ƙarama da babba, damina da rani, ranar Juma'a da ƙarshen mako. Su rubuta garin da baƙo ya fito, da mota ya zo ko da babur, su nawa ne, akwai mata da yara ko babu, ƙarfe nawa suka iso suka tafi. Su lura da inda suke cin abinci, inda suke salla, inda suke kewayawa, da inda ciyawa ta mutu saboda tattaki. Daga nan ku zana wurin a takarda, ku zauna da dagaci da limami da manoma da makiyaya, kuma kada ku manta da mata masu ɗebo ruwa a ƙoramar.

Da wannan a hannu, tsarin zai yi muku sauƙi. Wurin ajiye motoci ya kasance a bakin kasuwa, yadda mai tsire da mai fura da mai ƙosai za su ga ciniki, a ƙarasa zuwa dutsen da ƙafa ko da ɗan acaɓa na gari. Turbar ta kauce wa ƙofar gidajen matan aure, da maƙabarta, da gonaki, kada kuma ta tare burtali. Wurin wanka ya zama ƙasa da inda ake ɗibar ruwan sha, bayan gida kuma nesa da ƙorama. A ƙayyade yawan masu shiga kogo a lokaci ɗaya, kowane rukuni da jagoransa. Kuɗin shiga a karɓe shi a ƙofa ɗaya, da rasit, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a.

Masauki kuwa ba a hana ku ba. Idan littafin ya nuna mutane na zuwa daga nesa suna neman wurin kwana, ku fara da ɗaki biyu ko uku a cikin gari, ku ƙara idan sun cika. Idan kuma ya nuna 'yan wuni ne, kuɗin nan ya fi amfani a rijiyar burtsatse, da bayan gida, da wurin alwala, da horar da 'yan jagora, abubuwan da mutanen gari za su mora ko baƙo ya zo ko bai zo ba. Ku kai wa hukumar yawon buɗe ido ta jiha littafin da zanen, domin mai hujja a rubuce ya fi samun kunne. Allah ya yi muku jagora.