Waƙar da ke wayarka, taka ce ko ta haya?

 Sana'ata gyaran salula da zuba waƙoƙi a memori, kuma akwai kukan da nake yawan ji a shago: mutum ya sauya waya, ko kuɗin watansa ya ƙare, sai waƙoƙin da ya tara su ƙi buɗuwa. Yakan zata memori ne ya lalace, alhali lafiyarsa lau.

Ga dalilin. Manhajoji irin su Spotify da Boomplay hayar saurare suke ba ka. Waƙar da ka sauke a cikinsu tana ɗauke da kulle da ake kira DRM: ba ta buɗuwa sai cikin manhajar. In na duba wayar, nakan ga fayil ɗin ya cinye wuri, amma in na tura shi ta Xender ko na sa memorin a rediyon mota, shiru kake ji. Halas ne wannan ciniki, sai dai ba mallaka ba ne.

Wanda yake son mallaka ya nemi fayil marar kulle, MP3 ko FLAC, daga hannun mai haƙƙi. Hanya mafi kusa ita ce mawaƙin kansa. In ɗan Damagaram ne, ko Maraɗi, ko Kano, ku yi ciniki, ka aika masa kuɗinsa ta Nita ko Amana, ya turo maka fayil ɗin. Sai kuma Bandcamp, inda ake sayar da waƙa ba kulle, kuma kaso mafi tsoka ya shiga aljihun mai ita. Can za ka sami mawaƙa irin su Mdou Moctar da Les Filles de Illighadad. Biyan yana buƙatar katin banki. Wanda ba shi da kati, ɗan'uwa da ke waje zai iya saya masa kyauta. Shagon iTunes ma ya cire kulle daga waƙoƙinsa tun 2009.

Abokan sana'ata, mu dubi wannan: waƙoƙin Mdou Moctar da aka ɗauka a Sakkwato a 2008 sun karaɗe Sahara daga waya zuwa waya. Da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya so sayar da ɗaya daga cikinsu a 2011, sai da ya nemo mai ita aka yi yarjejeniya. Mu ma haka ya kamata mu yi. Rashin kulle ba izini ba ne na zuba wa kowa a kan dala ashirin. Hukumar BNDA da ke Yamai don kare wannan haƙƙi aka kafa ta.

In ka saya, ka ajiye kwafi a memori na biyu, ka adana shaidar biya. Mawaƙi ya biya situdiyo, ya biya makaɗa, yana da iyali. Mu biya shi guminsa, mu riƙe abinmu da halas. Allah ya sa mu dace.