Agogo Mai Ƙwaƙwalwa a Hannun Manomin Rani: Me Yake Aunawa?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan Kogin Kano ya riƙa bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, manoman wannan yanki suka shiga wata irin hulɗa da lokaci wadda manomin damina bai san ta ba. Mai noman damina sama yake duba. Shi kuwa mai shinkafa ko alkama ko tumatir a rani, dole ya san sa'ar da ruwa zai iso layinsa da tsawon lokacin da zai bar shi yana kwarara. A yau ga agogon hannu na da, ga wayar salula, ga kuma sabon baƙo, wato agogo mai ƙwaƙwalwa, wanda ake haɗawa da waya. Shin wannan baƙo ya cancanci kuɗinsa?

Bari mu fara da faɗin lokaci. A cikin agogon batir na yau da kullum akwai ɗan ƙanƙanin dutse mai suna kwaz. Idan lantarki ya ratsa shi sai ya riƙa karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, wata 'yar na'ura kuma ta yi ta raba wannan adadi biyu-biyu har sau 15, sai a sami bugu ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da irin wannan agogon hannu a 1969. Casio F-91W da aka fito da shi a 1989 kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba, batirinsa kuma yakan kai kimanin shekara 7. Apple Watch kuwa, lokacin da ya shigo kasuwa a 2015, cajinsa na kimanin awa 18 ne. A ƙauyen da sai an kai waya shagon caji an biya, ƙarin na'ura mai neman wuta kullum ba ƙaramin nauyi ba ne. Ga kuma zafin bazara, wanda ke saurin tsufar da batirin litiyam.

Ga wani gwaji da ɗalibi zai iya yi a bakin ƙaramar magudana. A auna tsawon mita 10, a jefa guntun kara a ruwa, a duba daƙiƙa nawa ya ɗauka. A ce daƙiƙa 20 ne. Saurin ruwan saman ya zama rabin mita a daƙiƙa. Da yake ruwan ƙasa da na gefe yana gogar bango yana rage gudu, sai a ninka da 0.8, a sami 0.4. Idan faɗin ruwan santimita 50 ne, zurfinsa 30, to faɗi sau zurfi ya ba da 0.15. A ninka wannan da 0.4, a sami 0.06, wato lita 60 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Da wannan lissafi manomi zai san ko rabonsa ya cika. Mai karatu zai lura cewa duk agogon da ke nuna daƙiƙa ya wadatar a nan.

Wajen labari ma haka abin yake. Tun zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, da ita ake jin farashin kwandon tumatir a Kwanar Gafan, da ita ake kiran mai mota, da ita ake karɓar kuɗi. Yawancin agoguna masu ƙwaƙwalwa saƙon wayar kawai suke maimaitawa. In ta yi nisa da su, sai su yi shiru. Amfaninsu ɗaya a nan shi ne mai hannu cikin taɓo zai ga wanda ke kira ba tare da ya ciro waya ta faɗa ruwa ba. Awon gona da taurarin ɗan'adam kuwa, waya na yi, wasu agogunan ma na yi, amma dukansu sukan kauce da 'yan mitoci. Eka ɗaya kusan mita 64 ce kowane gefe. Kuskuren mita 3 a tsawo da faɗi zai ƙara mata kusan kashi 10 cikin 100. Kada a raba gado ko a yanke kuɗin haya da irin wannan awo.

Inda agogo mai ƙwaƙwalwa ya yi wa sauran zarra shi ne a jikin mutum, domin yana manne da fata dare da rana. A bayansa akwai 'yan fitilu masu koren haske. Jini yana shanye koren haske, saboda haka duk lokacin da zuciya ta buga, jini ya ƙaru a jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke dawowa sai ya ragu. Daga wannan raguwa da ƙaruwa agogon ke ƙirga bugun zuciya, wanda ga baligi mai hutawa yake tsakanin 60 da 100 a minti. A wani bincike da Jami'ar Stanford ta Amurka ta wallafa a 2019, an bi mutum fiye da 400,000 masu ɗaure da Apple Watch. Kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 ne agogon ya yi wa gargaɗin cewa bugun zuciyarsu ba daidai yake ba, kuma cikin waɗanda aka sake aunawa da na'urar likita, kusan sulusi ne aka tabbatar da matsalar a jikinsu. Wannan ba abin rainawa ba ne ga dattijo mai ciwon zuciya. Sai dai gargaɗi ne kawai, hukunci na likita ne. Kuma girgizar hannu wajen sara da fartanya, da gumi, da sakin maɗauri, duk suna rikita ƙidayar.

Babban haɗari yana ga agogunan araha da suka cika kasuwa, waɗanda ake tallarsu da cewa suna auna hawan jini da sukari. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da kowane agogo ko zobe da ke da'awar auna sukarin jini ba tare da huda fata ba. Mai ciwon sukari da ya dogara da lambar ƙarya ya ƙara ko ya rage magani, yana iya jefa ransa cikin halaka. Hawan jini ma, awon da za a dogara da shi shi ne na na'urar da ake ɗaurawa a damtse.

A ganinmu, matashin da ke ban-ruwa a Bunkure, mai lafiya, mai waya a aljihu, ya fi dacewa da agogon kwaz mai jure ruwa, ragowar kuɗin ya tafi ga taki. Wanda likita ya ce ya riƙa lura da zuciyarsa, kuma yake da inda zai yi caji, shi ne zai mori agogo mai ƙwaƙwalwa. Kafin ya biya, ya ɗaura shi, ya sa yatsu biyu a jijiyar ɗaya hannun ya ƙirga bugu na minti guda, ya kwatanta da abin da agogon ya nuna. Sa'annan ya yi sassarfa kaɗan ya sake gwadawa. Idan lambar ba ta tashi tare da bugun ba, ya mayar wa mai shago kayansa.