Darasin Mako: Nawa Ne Ainihin Kuɗin Haya?

A Kano, yawancin masu gidaje kuɗin shekara suke karɓa a dunƙule. Sai dai abin da mai gida ya yanka ba shi ne ƙarshen lissafi ba.

Mu ɗauka ciki da falo naira 300,000 ne a shekara. Dillali yakan karɓi la'ada kashi 10 cikin 100, wato 30,000. In babu rijiya ko famfo, sai ruwan 'yan garuwa: jarka 4 kullum, kowace naira 100, a shekara 146,000 ke nan. Jimla 476,000, ba mu sa kuɗin wuta, shara da 'yan sintiri ba, balle na A Daidaita Sahu zuwa makaranta. Lallai araha ba ta ado.

Don haka mu tuna wa iyayenmu, kafin su biya, su tambayi maƙwabta yadda layin yake da damina, su tabbatar tsohon ɗan haya bai bar bashin wuta ba, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, su karɓi rasit.

Aikinmu: ga wani gidan na naira 400,000 mai rijiya. In muka haɗa da la'ada, wanne ya fi sauƙi? Mu kai amsa ga kulob ranar Litinin.