Kafin ka zaɓi gwani a siyasar ƙasar waje

Idan ka ji a rediyo an ce 'yan mazan jiya sun ci zaɓe a wata ƙasa, ko masu ra'ayin kawo sauyi sun sha ƙasa, kada ka yi gaggawar murna ko ɓata rai. Rabon 'yan siyasa zuwa hagu da dama ya faro ne a majalisar Faransa a 1789, inda magoya bayan sarki suka zauna a dama, masu juyin juya hali a hagu. Tun daga nan kowace ƙasa ta ɗinka rigar daidai jikinta.

Mafi yawan waɗanda suka fi damuwa da daidaito da tausayin marar galihu hagu suke karkata. Waɗanda suka fi daraja al'ada da tsaro da bin na gaba kuwa, dama. Amma abin da ake son a riƙe ya danganta da abin da aka gada. A Birtaniya, tun 1948 gwamnati ke ɗaukar nauyin jinyar kowa, kuma jam'iyyar Conservative ba ta isa ta fito fili ta ce za ta rusa tsarin ba. A Amurka kuwa, dokar inshorar lafiya da Obama ya sa wa hannu a 2010, wadda ba ta kai tsarin Birtaniya ba, 'yan Republican sun shafe shekaru suna neman soke ta.

Don haka ka raba tambayarka biyu: me jam'iyyar ke cewa kan dukiya, me take cewa kan addini da iyali? Sau da yawa amsoshin ba sa tafiya tare. Jam'iyyar PiS ta Poland ta riƙe coci gam, amma ita ce ta kawo sabon shirin bai wa iyalai kuɗin yara duk wata a 2016. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu: NEPU ta Malam Aminu Kano ta tsaya wa talaka gaban sarakuna, alhali jagoranta malami ne mai tafsiri.

In kana da ɗan'uwa a ƙasar waje, ko kai ma kana shirin tafiya, ƙara tambaya ta uku, wato batun baƙi. Kada sunan jam'iyya ya ruɗe ka. A Denmark, Social Democrats ta Mette Frederiksen 'yar hagu ce, amma tana cikin masu tsananta wa 'yan gudun hijira a Turai. Nemo dokokin da suka kafa lokacin da mulki ke hannunsu, ka karanta.