Amsoshin Tambayoyinku: In Masu Karɓar Bashi Sun Matsa Maka

Malam Audu daga Shikago ta Amurka yana tambaya: kamfanin karɓar bashi ya dame shi da waya, ko ya nemi su kawo hujja?

To Malam Audu, ka nema, amma a rubuce. Dokar Amurka ta 1977 kan karɓar bashi ta ba ka kwana 30 daga samun takardar sanarwarsu game da bashin. Kwana 30, Malam. In ka musanta bashin cikin wannan wa'adi, dole su dakata sai sun aiko da hujja. Sau da yawa sayen bashin suka yi, takardun ma ba su cika ba.

Sai dai neman hujja ba ya goge bashi. In ta tabbata, suna iya kai ka kotu. Kuma kada ka biya ko sisi kafin hujjar ta zo, don a wasu jihohin hakan na farfaɗo da tsohon bashin da wa'adin ƙararsa ya wuce.