ILMIN ZAMAN ƊAN ADAM DA MUHALLINSA: KARATU DA SANA'A

Akwai wani fannin ilmi da ke nazarin yadda ɗan Adam yake zaune da ƙasa da ruwa da iska da tsirrai, da kuma yadda al'adunsa da tattalin arzikinsa ke gyara waɗannan abubuwa ko su ɓata su. Ɗalibin wannan fanni ba ya tsayawa ga darasi guda. Yakan haɗa labarin ƙasa da ilmin halittu da aikin gona da nazarin zamantakewa, domin matsalar ƙauye ba ta zuwa a rarrabe kamar darussan aji. A jihar Maine ta Amurka har akwai wata kwaleji, College of the Atlantic, wadda aka kafa a 1969, inda kowane ɗalibi a wannan fanni yake samun digirinsa.

To, ina amfanin wannan karatu ga mai neman abin yi? Ɗaya daga cikin hanyoyinsa ita ce kasuwancin taimakon jama'a, watau sana'ar da aka kafa domin magance wata damuwa ta al'umma, amma tana sayar da kayanta don ta riƙe kanta, ba ta dogara ga sadaka ba.

Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa, kyakkyawan misali ne. Ya tashi a gidan maginan tukwane. Ya lura manoman karkara, da yake ba su da lantarki balle firji, tilas su sayar da kayan lambu da arha kafin su ruɓe. Wajen 1995 sai ya koma ga abin da kowa ya sani, cewa ruwan randa sanyi gare shi. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje, iska tana busar da shi, shi kuwa yana tafiya da zafin da ke ciki. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ga shi yana kai kwana 27. Amma a lura, dabarar ta ƙasa mai busasshiyar iska ce. A bakin teku, inda iska ke da laima, ba ta yin aiki sosai. Sanin wannan bambanci ma yana cikin karatun.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne Malam Abba ya duba mutanen da ke kewaye da tukunyar. Maginan tukwane sun sami aiki. Manomi ya sami damar jiran farashi mai kyau. 'Yan mata da ake ɗora wa tallar kayan miya kullum don gudun asara sun sami sararin zuwa makaranta. Da kuɗin aljihunsa ya fara, ya raba tukwanen farko kyauta don jama'a su gani da idonsu, daga baya aka shiga sayarwa da rahusa. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000, ya faɗaɗa aikin da su. Dabarar ta kai har Darfur ta ƙasar Sudan, inda ake kiran tukunyar da suna zir.