Idan Esin Motarka Yana Yoyon Gas

Zafin Maris a Lafiya ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, shi ya sa da esi ya rage sanyi sai a garzaya ƙarin gas. Dakata tukuna. Gas ba ya ƙarewa haka kawai; akwai inda yake tsiyaya.

Ka sa bakanike ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo da kwandensa, wadda tsakuwar hanyar Doma ko Shendam kan huda. Danshin mai a mahaɗa alamar yoyo ce. A canza robar mahaɗar, a zuƙe iska, sannan a zuba R134a in shi motarka ke sha. Kada ka yarda da gas ɗin firji, R600a, wuta yake kamawa.

Ruwa a ƙasan kujerar gaba kuwa, galibi bututun magudanar esi ne ya toshe.